Iya, Ashe Ba Doguwa Ce Ta Kore Ni Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Iya Jummai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, tare da ladabi da biyayya irin na 'ya ga uwarta, ina fatan Allah Ya yalwata miki makwanci, Ya sa kin huta da ciwon ƙafar da ya hana ki sakat. Mutanen gida duk lafiya. Ƙanena Tanko ya gama da masara, sun shiga ɗibar auduga. Inna Kande, ƙanwarki, tana nan da tarinta da faɗanta. Baƙar akuyarki ta haihu, biyu.

Na san ba ki karatu, ko kina raye sai an karanta miki. Amma ba ni da wata hanya da zan yi miki magana, shi ya sa na ɗauki biro. Zan kuma sa wannan takarda a shafina, inda wasu za su gani. Ba don in tozarta ki ba ne. Na gaji da maganar da ake yi a ɓoye, ita ta kai mu inda muke.

Iya, raina a ɓace yake da ke. Gara in faɗa tun daga farko, kada ki ɗauka zumunci kawai ya kawo ni.

Su masu karantawa ba su san ki ba, bari in gaya musu a gabanki. A gidanmu na can bayan Kafur aka haife ni, gidan Maguzawa, babban gida shi kaɗai a tsakiyar gonaki. Ke 'yar bori ce. Iskar da ke hawanki ita ce Doguwa, wadda muka taso muka tarar ana cewa a tsamiyar bayan gidanmu take zaune. Mutanen gari suna jin an ce bori sai su tuna tsalle da ihu. Mu a wurinmu ba haka abin yake ba. Iskoki maƙwabta ne da ba a gani. Ana gaishe su, ana ba su rabonsu in an yi girbi, ana kai musu kuka, wani lokaci har ciniki ake yi da su kamar an je kasuwa. Su kuma in za su ba da amsa, sai su ari bakin mutum. A gidanmu bakinki suke ara.

Ina tuna yadda nake kumbura da alfahari. Ke da ba ki iya leƙa rumbu sai kin taka turmi, amma in mai garaya ya ɗauko taken Doguwa, aka lulluɓe ki da baƙin saƙi, sai in ga manyan maza masu furfura sun durƙusa. Muryarki takan sirance ta koma ta hanci. Mata su matso da ƙwaryar nono, wannan ta ce ɗanta ba ya barci, waccan ta ce ɓari ya ishe ta. Inna Kande ce ke zaune a gefenki tana riƙe miki zane. In an gama sai ki yi atishawa, jikinki ya saki, ki buɗe ido kamar wadda aka tasa daga barci, ki dubi ƙanwarki ki ce, "Kande, me aka ce?" Kullum haka. Kin sha gaya mini cewa wanda aka hau ba ya nan, bai san abin da bakinsa ya faɗa ba.

Na yarda da wannan magana taki, Iya. A kanta na jingina rayuwata gaba ɗaya.

Ban fi shekara tara ba lokacin da zazzaɓin nan ya kama ni, wanda nake sambatu ina fizge-fizge. Na warke, amma Gwaggo Tambai, yayar Baba, wadda ita ce magajiyar borin yankinmu, ta ce ba zazzaɓi ba ne. Ta ce an nuna ni, ni ce zan gaje ki, kuma da an kai amfanin gona gida za a yi mini girka, a shigar da ni bori. Ba wanda ke musu da Gwaggo Tambai a gidan nan. Baba kansa in ta yi magana ƙasa yake kallo. Ni kuwa murna nake yi, ina zaton za a ɗinka mini sabon zane.

Ranar da abin ya faru, da rana ne tsaka, an yi wasa a ƙofar gida. Kawu Nomau, wanki da ya musulunta yake aiki a wurin gurzar auduga a Funtua, ya zo gaisuwa a kan kekensa, ya koma can gindin ɗorawa ya zauna, don shi ba ya zama inda ake kiɗan bori. Aka lulluɓe ki. Gwaggo Tambai ta kamo hannuna ta kai ni gabanki, ta ce, "Ga godiyarki nan mun kawo, uwar gida, a duba mana ita." A bori, macen da iska ke hawa ita ake kira godiya.

Ba zan manta abin da ya fito daga ƙarƙashin saƙin nan ba. "Wannan? Ba tawa ba ce. Ba na son ta, ba na son warinta. A fitar mini da ita daga ƙasata. Ta zo da rana in ta ga dama. Amma ran da rana ta faɗi tana cikin gidan nan, ba za ta ga fitowarta ba."

Garaya ta tsaya. Gwaggo ta saki hannuna kamar ta taɓa garwashi. Kafin la'asar ta yi sanyi an ɗaure mini 'yan tsummokarana, an ɗora ni a bayan keken Kawu. Ba ki rako ni ba. Na waiwaya na hango ki a bakin rumbu kin ba ni baya, na ce a raina jikinki ne bai gama sakewa ba.

A Funtua na yi kuka har matar Kawu ta gaji da lallashi. Abin da ya tsayar da kukan shi ne wata 'yar dabara da na yi wa kaina. Duk sanda kalmomin nan suka dawo mini, ba na son ta, ba na son warinta, sai in ce ai ba Iya ce ta faɗa ba. Iya ba ta nan. Iya ma sai da ta tambaya me aka ce. Da wannan na yi firamare, da shi na yi sakandare, da shi na zama malamar makaranta. Na tsani Doguwa iya ƙarfina don in samu in ci gaba da son ki.

Kin san irin zuwan da na riƙa yi. In fito Funtua da sassafe, mota zuwa Malumfashi, wata zuwa Kafur, sannan ɗan acaɓa ya ratsa gonaki da ni. In iso rana ta ɗaga. Ki kawo fura, ki kawo dafaffiyar gyaɗa, ki yi ta dubana kina cewa na rame, ko da kuwa na yi ƙibar da ɗan acaɓa ke ƙorafi. Hira ta fara daɗi kenan sai in ga idonki ya koma kan bango. "Laraba, inuwa ta kai rumbu." Shi ke nan, in tashi in yafa gyale. Ban taɓa cin tuwon dare na hannunki ba tun ina 'yar shekara tara. Baƙo ma akan ce masa ya kwana.

Aurena a gidan Kawu aka yi. Da na samu cikin fari, duk sa'o'ina sun tafi gida goyon ciki, uwa ta yi musu wankan jego, ta dama musu kunun kanwa, ta zage su in sun ƙi sha. Ni matar Kawu ce ta yi mini, Allah Ya saka mata, ta yi iya yinta. Kika zo ran suna da kaji biyu a kwando, kika kwana ɗaya, kika ce garin ya shaƙe ki, ga shuka tana jira. Na bi ki har bakin titi da ɗanyen jiki ina cewa ki ƙara ko kwana biyu. Kika ce, "Ke dai Allah Ya raya," kika shiga mota.

Ba wai ban yi gardama ba. Na girma a gidan salla, na yi islamiyya, na san rai da ajali a hannun Allah suke. Sau nawa na ce miki, Iya, ni fa yau a nan zan kwana, abin da zai faru ya faru? Sai fuskarki ta canza, ki ce, "In kin kwana a gidan nan ban yafe miki nonona ba." To wa zai tsaya bayan wannan? Kuma kada in cuce ki, ni ma a can ƙasan zuciyata tsoron yana nan. Abin da aka zuba wa yaro a kunne yana ɗan shekara tara, karatun allo ba ya wanke shi duka.

Gwaggo Tambai ta rasu. Baba ya rasu. Rabin gidan suka shiga coci, rabi suka musulunta, mai garaya ya tsufa ba wanda ya gaje shi. Ke kanki kika karɓi kalmar shahada, Tanko ya koya miki alwala, kika daina zama a lulluɓe ki. Ranar na yi murna har na yi rawa a ɗakina, na ce to, an kwance. Na zo da jakata da kayan kwana. Inuwa na kaiwa rumbu kika dube ni kika ce, "Tashi." Na ce, Iya, ba kin bar abin nan ba? Kika ce, "Ni na bari. Ita ba ta ce ta bari ba."

Sai ciwon nan na ƙarshen damina. Na roƙe ki ki zo Funtua a kai ki asibiti, kika ce a ɗakinki za ki jira. Na samu masauki a Kafur wurin wata ƙawata, kullum in zo da safe in koma da yamma, kamar ma'aikaciya. Ranar ƙarshe kowa ya ga alama. Numfashinki ya yi sama, ƙafafunki sun yi sanyi, ba ki ko iya haɗiye kunu. Na riƙe hannunki na ce yau kam ba inda za ni. Sai kika tattaro ɗan ƙarfin da ya rage miki, kika juya ido wajen ƙofa, kika ce, "Tafi."

Kalmar ƙarshe da na ji daga bakinki kenan. Tanko ya goya ni a babur ina kuka, yana kuka. Da asuba ya kira ni a waya.

Matar Tanko ce ta rufe miki ido. Ita ta ɗiga miki ruwa, ita ta laƙanta miki kalmar shahada. Yarinyar da aka auro jiya jiya. Ba na jin haushinta, ta kyauta. Amma wurina ne ta zauna, kuma ke kika ba ta.

Da aka gama yi miki wanka aka kira mu, aka ce kowa ya yafe miki. Na durƙusa na ce na yafe duniya da lahira, har ina mamakin me ma za a yafe. A ganina ni da ke duk an zalunce mu ne tare.

Bayan sadakar arba'in na je gida a raba 'yan kayanki. Aka gama, mutane suka watse, na zauna a tsakar gida ina taya Inna Kande ɓarzar masara. Kin san ta, har yau ba ta salla ba ta zuwa coci, ta ce ita a inda aka haife ta za a same ta. Muna cikin aiki na ɗaga kai na duba bango, don jikina ya riga ya saba. Ta gan ni. Ta ajiye totuwar da ke hannunta ta ce, "Ke ɗiyar nan, har yanzu inuwa kike dubi? Zauna. Mai abin ta tafi, ni kuma ba zan kai shi rami ba."

Na ce, wane abu, Inna?

Ta ce, "Ran nan ba Doguwa ba ce. Uwarki ce."

Na yi dariya, Iya. Wallahi dariya na yi, na ce tsufa ya fara taɓa ta. Ta ce, "Aradu, ni ke riƙe mata zane tun muna 'yan mata, na san jikinta in an hau shi. Yakan yi tauri kamar icce. Ran nan laushi gare shi, zufa kawai take yi, zuciyarta na bugawa har a hannuna. Ta yi atishawarta ta ƙarya, ta buɗe ido. Na jira ta ce mini me aka ce. Ba ta tambaya ba. Me za ta tambaya, ita da ta faɗa?"

Sannan ta warware mini sauran. Ashe ba ki son a yi mini girka. Kin ce ke kin san abin da ke cikinsa, kin san yadda mutum ke zama ba nasa ba, a kira shi ko yana jego ko yana makoki, kuma 'yarki makaranta za ta. Kin san in kika faɗa da bakinki, Gwaggo Tambai za ta take maganar, Baba kuma ba zai ɗaga kai ba. Murya ɗaya ce a gidan nan ta fi ta Gwaggo, sai kika are ta. Ashe zuwan Kawu ba gaisuwa ba ce, ke kika aika masa. Ashe tsummokarana tun kafin ranar a wanke suke. Kawun ma ya zauna da ni shekara da shekaru, yana kallona ina kuka, ya tafi kabari bai ce mini komai ba.

Na ce, to na ji, Inna. Ta cece ni daga girka. Amma Gwaggo ta mutu tun ina goyon fari. Me ya hana ta kira ni gefe ta ce, Laraba, ni na ƙirƙira, zo ki kwana?

Amsar da ta ba ni ita ce ta hana ni barci har yau. Ta ce, "Tsoro. Uwarki ba maƙaryaciyar bori ba ce, ba ta taɓa yi ba sai ran nan. Ta sa wa Doguwa magana a baki, a gaban jama'a, a ƙarƙashin saƙinta. Tun daga ranar ta ɗauka Doguwa ta ji, ta kuma karɓi maganar ta zama tata. Ta ce in kin kwana, a kanki za a rama, don a nuna mata ba a wasa da sunan manya. Na ce mata bari in an hau ki in tambaya, ko an yi haƙuri. Ta ce kul, kada a tuna mata. Baƙar akuyar da ake yankawa a gindin tsamiya duk kaka, kina zaton ta gona ce? Ta ban haƙuri ce, a kanki."

Na ci naman akuyar nan, Iya. Ke kike ajiye mini cinya.

Yanzu ki saurare ni, tunda a da ni ce mai saurare. Na gane abin da kika yi ranar farko. Da ni ce a wurinki, da yarinya a gabana da Gwaggo a kaina, wataƙila da na yi abin da ya fi haka. Albarkacinki na yi karatu, albarkacinki ba wanda ya taɓa lulluɓe ni. Ban musa ba. Amma cikin duk kalmomin duniya, sai ki zaɓi ba na son ta? Ba ki iya cewa yarinyar ta yi ƙanƙanta, ko a kai ta nesa ta girma? Ina tsaye a gabanki, ina jin ƙanshin man kaɗanyar da ke jikinki. Kina ganina ta cikin saƙin. Kin san ina ji.

Na san abin da za ki ce. Za ki ce in ba a yi maganar da zafi ba Gwaggo ba za ta yarda ba. To ita ta yarda, ni ma na yarda. Ita ta mutu ta huta, ni na ci gaba da ɗauka.

Kuma abin da ya fi ci mini rai, kin san dabarar da nake rayuwa da ita. Na taɓa gaya miki, ranar da na kawo miki jikarki ta fari, na ce Iya, abin da ya riƙe ni shi ne na san ba ke kika faɗa ba. Kika sunkuyar da kai kina wasa da ƙafar jaririya, kika ce, "Haka ne." Kika bar ni na tafi da shi. Ranar ba saƙi a kanki, ba garaya, ba Gwaggo. Wannan ƙaryar taki ce ke kaɗai, da muryarki ta kullum.

Kin yarda da Doguwa fiye da yadda kika yarda da ni. Ita kin ba ta akuya duk shekara, ni ba ki ba ni gaskiya ko sau ɗaya ba. Da kin gaya mini, da mun ji tsoron tare. Da na ce miki rai nawa ne, ni zan zaɓa. Ko da na ci gaba da tafiya kafin magariba, da na tafi ina sane cewa uwata ce ke kore ni don tana so na. Kin hana ni ko wannan.

Da na dawo hayyacina na kama hannun Inna Kande na ce, ku da kuke magana da waɗanda ba a gani, a kira mini ita. A nemo mai garaya ko a ina yake, ni zan zauna a lulluɓe ni in ya kama. Tambaya ɗaya zan yi mata. Ta dube ni kamar na yi saɓo, ta ce, "Matattu ba sa hawan kowa. Iska daban, mutum daban. Iska ba a haife ta ba, ba ta mutuwa, shi ya sa ake kiranta ta zo. Wanda ya tafi ya tafi, ɗiyata. Da ana kiransu, da ni na riga ki."

Kin ji, Iya. Duk rayuwarki kina buɗe wa mutane ƙofa su yi magana da mutanen ɓoye, amma ƙofar ba ta kaiwa inda kike.

Wata abokiyar aikina da na ba labari ta ce akwai wani mutum a Malumfashi, wai yana zuba ruwa a ƙwarya ya kira mamaci ya yi magana, har ta turo mini lambarsa. Ba zan ɓoye miki ba, na shiga mota. Na sauka a tasha, na tsaya a gefen masu rake ina riƙe da waya. Sai na tambayi kaina, in na je na ji murya ta fito daga ƙwarya ta ce, Laraba, ki yi haƙuri, ta wa zan ce ce? An riga an yi mini magana da muryar aro sau ɗaya, na ga abin da ta ci mini. Na sayi rake na koma gida.

Makon jiya na shirya jaka. Maigidana ya tambaye ni ko na tabbata, na ce ban tabbata ba amma za ni. Na isa gida, na share ɗakinki, na shimfiɗa tabarmarki. Da inuwa ta kai rumbu Tanko ya fito da babur ya tayar, kamar kullum, ya ce, "Yaya, rana fa." Na ce kashe shi. Ya tsaya yana kallona, ya ce, "Yaya, don Allah. Iya ta bar mini amana." Na ce amanar ta ƙare, je ka tambayi Inna Kande. Ya je, ya daɗe, ya dawo idonsa jawur, ya tura babur ɗin zaure.

Na zauna a kan turminki na kalli rana tana faɗawa bayan tsamiya. Ba zan yi miki ƙarya ba, ina ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Na ga awaki suna shigowa da kansu, kowace ta san turkenta. Na ga kaji suna hawa rumbu. Na ji ƙanshin daddawa daga madafi. Ashe haka gidanmu yake da yamma. Na manta, Iya, na manta ƙaf. Matar Tanko ta kawo mini tuwon dawa da miyar kuka, ta ce irin yadda kika koya mata ne. Na ci ina hawaye, ita kuma ta rasa abin da ta yi mini.

Na kwanta a ɗakinki. Na yi barci.

Da safe kukan zakara ya tashe ni. Na taɓa fuskata, na motsa ƙafafuna, na fito tsakar gida. Rana ta fito na gan ta. Inna Kande na zaune a ƙofar ɗakinta, da alama a nan ta kwana, ta dube ni ta ce, "Kin tashi lafiya?" Na ce lafiya lau.

Lafiya lau, Iya. Ko ciwon kai ban yi ba. Na so a ce wani abu ya same ni, ko zazzaɓi ne, ko mugun mafarki, don in ce to, Iya ta yi gaskiya, akwai abin da take kare ni daga gare shi. Ba komai. Ɗaki ne da tabarma da sauro. A kan wannan na rasa tuwonki, na rasa wankan jegonki, a kan wannan na bar ki kina jan numfashi na hau babur. Dare ɗaya kawai nake nema a wurinki, na ƙarshen nan, kuma ashe ba abin da zai faru in kin ba ni.

A ɗakin nake rubuta miki wannan. Zanenki na salla yana rataye inda kika bar shi, har yanzu yana ƙanshinki, nakan sa fuskata a ciki in yi fushi da ke a nan. Ina kewarki, 'yar gajeruwata. Ina kewar yadda kike cewa na rame. Na san duk yammar da na tafi, ke kike komawa ki zauna a wannan ɗaki ke kaɗai da abin da kika sani, kuma ba ki da wanda za ki tambaya me aka ce. Wannan ma yana ba ni tausayi, yana kuma ƙara ba ni haushi.

Yafiyar da na yi a kan gawarki ban janye ta ba, amma na yi ta ne ban san abin da nake yafewa ba. Wannan sabon kuwa ban kai ba tukuna. Ina ƙoƙari. In na ce miki na kai, na yi miki irin abin da kika yi mini.

Saboda haka ga addu'ata. Ya Allah, Kai da ba Ka bukatar aron bakin kowa, Ka san abin da ke zuciyar baiwarKa Jummai ranar da ta yi maganar nan, Ka san tsoron da ta kwana da shi har ta koma gare Ka. Ka cire mata shi. Ka haskaka kabarinta, Ka karɓi shahadarta, Ka sa ta a inda ba a korar kowa. Ya Allah, kada Ka jira ni. Ni mai rauni ce, zan daɗe a hanya. Ka riga ni yafe mata. Amin.

Ki huta lafiya, Iya.

Taki har kullum, ko da fushi,
Laraba